Hukuncin Karanta Littattafan Binciken Kisan Kai

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ina da son karanta ƙagaggun labarai na binciken kisa, irin waɗanda ake tsintar gawa, 'yan sanda su rasa bakin zaren, sai dangin mamaci su ɗauko wani mai bincike mai zaman kansa su biya shi ya gano wanda ya yi aika-aikar. Idan na fara karantawa ba na iya ajiyewa sai na ga ƙarshe. Yayana ya ce haramun ne, wai ƙarya ce daga bango zuwa bango, kuma suna koya wa mutum kisa. Mene ne hukuncinsu? Kuma ya halatta in rubuta irinsu da Hausa?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Ɗan'uwa, asalin karanta waɗannan littattafai halal ne. Hukuncin yana tashi daga halacci zuwa karhanci ko haramci ta fuska biyu, abin da littafin ya ƙunsa da abin da ya haifar ga mai karatu. Yayanka bai yi daidai ba da ya haramta su gaba ɗaya, amma tsoronsa yana da tushe. Sai dai haɗarin ya fi yawa a wani wuri da bai ambata ba.

Malaman usulu suna cewa hukunta abu reshe ne na fahimtarsa, don haka sai mu fara da yadda ake gina irin wannan labari. Marubuci yana kawo gawa tun a farko. Sai ya tara mutane kaɗan a wuri guda, gida ko jirgi ko ƙauye, kowannensu yana da dalilin da zai so mutuwar mamacin: wannan magajinsa ne, wancan ana binsa bashi, waccan an ci amanarta. Kowa yana da abin da yake ɓoyewa, kowa yana da bayanin inda yake lokacin da aka yi kisan. Sai a warwatsa alamomi a cikin babi-babi, wasu na gaskiya, wasu an dasa su ne don a ɓatar da mai karatu. A ƙarshe mai binciken ya tara kowa a ɗaki ɗaya ya warware. Abin da yake hana ka ajiye littafin shi ne an jefa maka tambaya an riƙe amsarta, kana tsere da mai binciken ko za ka riga shi ganowa, ga kuma ƙyamar da Allah Ya halicci zuciya a kanta ta ganin jini ya tafi a banza. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da shari'a ta zarga.

Nau'in ya rabu gida biyu, kuma rabuwar tana shafar hukunci. Akwai na wasa ƙwaƙwalwa, wanda ya yi ƙarfi a Ingila, kamar labaran Sherlock Holmes da suka fara fita a 1887 da na Agatha Christie da suka fara a 1920. A cikinsu kisan yakan faru a bayan fage, yawancin shafuka tambayoyi ne da auna maganar shaidu. Akwai kuma wanda ya bunƙasa a Amurka daga baya, inda mai binciken yake yawo tsakanin mashaya da gidajen caca, da kwalba a aljihun tebur da bindiga a ƙugu, ana tsawaita siffanta jikin mata da duka da azabtarwa. Na biyun nan ne ya fi faɗawa cikin abin hani.

Maganar cewa ƙarya ce ba ta tsaya ba. Ƙaryar da aka haramta ita ce ba da labari saɓanin yadda abu yake don mai ji ya ɗauka gaskiya ne. Hadisin Abu Dawuda da Tirmizi da ya yi narkon azaba ga mai yin ƙarya don ya ba mutane dariya yana magana ne a kan wanda yake kawo zancen da sunan ya faru. Labarin da marubuci da mai karatu duk suka san ƙirƙira ne yana babin buga misali. Malaman nahawu sun shafe ƙarnoni Zaidu yana dukan Amru a littattafansu, babu wanda ya kira su maƙaryata. Maƙamatul Hariri, wanda marubucinsa ya rasu a shekara ta 516 bayan hijira, an gina shi ne a kan ƙagaggun labaran Abu Zaidis Saruji da Harisu ɗan Hammam, kuma ana karantar da shi a zaurukan malamai a ƙasar Hausa har gobe. Shi kansa Hariri ya kare aikinsa a gabatarwa da kwatanta shi da labaran da ake sawa a bakin dabbobi don tarbiyya. Sharaɗin dai shi ne a san ƙage ne, kuma kada a jingina shi ga Annabi ko sahabi ko wani mutum sananne.

Masu hanawa suna kafa hujja da aya ta 6 a Suratu Luƙman, mai zargin wanda yake sayen zancen shagala don ya ɓatar da mutane daga tafarkin Allah. Wasu masu tafsiri sun ce ta sauka ne a kan Nadru ɗan Harisu, wanda yake kawo labaran Rustum da Isfandiyar na Farisa yana ba Ƙuraishawa don su bar sauraron Alƙur'ani. Ayar ta ɗaura zargin ne a kan manufa, wato ɓatarwa da izgili. Wanda ya karanta labari don hutar da rai bayan ya sauke wajibansa yana ƙarƙashin abin da Annabi (SAW) ya gaya wa Hanzala a hadisin Muslim, cewa lokaci na wannan, lokaci na wancan.

Gano gaskiya ta hanyar alamu, wanda shi ne ƙashin bayan waɗannan littattafai, yana da asali a wurinmu, fukaha'u suna kiransa aiki da ƙarina. 'Yan'uwan Annabi Yusuf sun kawo rigarsa da jinin ƙarya, Ƙurɗubi ya ambaci cewa Annabi Yaƙub ya gane ƙaryarsu ne da ganin rigar ba ta yage ba, ina kerkeci zai ci mutum ya bar rigarsa lafiya lau? A aya ta 26 zuwa 28 ta Suratu Yusuf kuma, da matar maigidansa ta zarge shi, inda rigarsa ta tsage, gaba ko baya, shi ya raba gardama. A Buhari da Muslim, mata biyu sun yi jayayya a kan jariri, Annabi Sulaiman ya ce a kawo wuƙa ya raba musu, ƙaramar ta ce a bar wa babbar, sai ya hukunta wa ƙaramar. A ranar Badar da samari biyu kowa ya ce shi ya kashe Abu Jahal, Annabi (SAW) ya tambaye su ko sun goge takubbansu, suka ce a'a, ya duba takubban. Ibnul Ƙayyim ya tara irin wannan a Aɗ-Ɗuruƙul Hukmiyya, a mazhabar Malikiyya kuma Ibnu Farhun ya yi a Tabsiratul Hukkam. Mai son labarin bincike zai sami abin da zai riƙe shi a labaran alƙali Iyasu ɗan Mu'awiya na Basra.

To ga inda haɗarin yake. A littafi, alama tana kaiwa kai tsaye ga hukunci, domin marubucin ne ya shirya kisan, shi ya dasa alamar, shi ya tabbatar mai binciken ba ya kuskure. A shari'a alama tana buɗe ƙofar bincike ne, ba ta isa a zubar da jini da ita kaɗai ba. Risalar Ibnu Abi Zaid ta ce ba a kashe rai saboda rai sai da shaida ta adilai, ko iƙirari, ko ƙasama, wato rantsuwar dangin mamaci, idan ta wajaba. Ko da adili ya ga mamaci yana birgima cikin jininsa, ga wanda ake tuhuma a kusa da alamar jini a jikinsa, Malikiyya suna kiran wannan lausu, wato alama mai ƙarfafa zato kawai. Abin da yake haifarwa shi ne rantsuwa hamsin daga waliyyan jini, maza biyu ko fiye idan kisan ganganci ne, a gaban alƙali, kuma ba a kashe fiye da mutum ɗaya da ita. Yarinyar da aka fasa wa kai tsakanin duwatsu biyu a Madina ta yi nuni da kanta lokacin da aka ambaci sunan wanda ya yi mata, amma ba a zartar masa da ƙisasi ba sai da aka kamo shi ya amsa.

Ibnul Ƙayyim ya kawo wani labari na zamanin Sayyidina Aliyu da ya kamata duk mai karanta irin littattafan nan ya sani. An kama wani mutum a kango, wuƙa mai jini a hannunsa, ga gawa a gabansa. Aka tambaye shi ya ce shi ya kashe. Ana shirin zartar da hukunci sai wani ya zo a guje ya ce shi ne ainihin mai kisan. Ashe na farkon mahauci ne, ya yanka saniya da asuba, fitsari ya matse shi ya shiga kangon da wuƙarsa, ya tarar da gawa ya tsaya cikin ruɗewa, masu gadi suka rutsa shi. Ya amsa laifin ne don ya tabbata babu mai gaskata shi. Wuri, makami, jini da iƙirari duk sun taru a kan marar laifi.

Sannan hanyoyin da mai binciken yake bi. Yana ɓalle kwaɗo ya shiga gida, yana karanta wasiƙun mutane, yana laɓe, yana yin shigar burtu, yana tuhumar kowa har sai ya wanke kansa. Allah Ya hana yawan zato da bin diddigin asirin mutane a aya ta 12 a Suratul Hujurat, Ya hana shiga gidan wani babu izini a aya ta 27 a Suratun Nur. Togaciyar da Mawardi ya ambata a Al-Ahkamus Sulɗaniyya ƙunƙuntacciya ce: idan amintacce ya kawo labarin cewa wani ya keɓe da wani zai kashe shi, ko da mace zai yi lalata da ita, ya halatta a kutsa don hana ɓarnar da ba ta gyaruwa. Karanta labarin wanda yake aikata waɗannan abubuwa ba zunubi ba ne. Zunubin yana farawa ranar da mai karatu ya ɗauki wayar matarsa yana bincike tana barci, ko kuɗi suka ɓace a gida ya zaunar da 'yar aiki yana yi mata tambayoyin tarko, ko aka yi mutuwa a dangi ya fara lissafin wa zai ci gado yana raɗa wa mutane. Na ƙarshen nan ƙazafin kisa ne, kuma a garuruwanmu irin wannan raɗa takan ƙare da taron jama'a da sanduna kafin hukuma ta iso. Haka labarin da ya ƙare da mai binciken ya harbe mai laifi da kansa, ko ya bar masa guba ya sha, ko ya rufa masa asiri don a ganinsa mamacin ya cancanci mutuwa. Wajibi ne ka ƙi wannan a zuciyarka. Waliyyin jini ma, mai haƙƙin ƙisasi, idan ya zartar ba da izinin shugaba ba ana ladabtar da shi, balle ɗan haya.

Ta fuskar abin da littafi ya ƙunsa, ambaton kisa kawai ba ya haramta shi, Alƙur'ani ya ba da labarin 'ya'yan Annabi Adam biyu a Suratul Ma'ida da na wanda aka kashe a Bani Isra'ila a Suratul Baƙara. Yana haramta idan yana siffanta tsiraici da saduwa yadda zai motsa sha'awa, tunda Annabi (SAW) ya hana mace ma ta siffanta wa mijinta wata mace kamar yana ganinta. Yana haramta idan yana izgili ga Allah ko annabawa, ko yana mai da makashi gwarzo abin koyi. Idan wuri ɗaya ne ko biyu a cikin littafi mai tsabta, ka tsallake. Idan shi ne jigon littafin, ka ajiye shi, kuma sayar da shi da tura shi a WhatsApp suna bin hukuncin karanta shi.

Ta fuskar lokaci kuwa, kalmarka ta cewa ba ka iya ajiyewa ita ce abin dubawa. Ana yanke kowane babi ne a daidai inda rai zai so na gaba, don haka mai cewa bari in ƙara babi ɗaya da ƙarfe sha ɗaya yakan ji kiran assalatu da littafi a hannu. An ruwaito a Buhari da Muslim cewa Annabi (SAW) yana ƙin hira bayan isha'i. Idan karatun yana sa ka makara jam'i ko ka yi sakaci da karatunka da sana'arka, makaruhi ne a gare ka. Idan ka san daga halinka cewa zai kai ka ga fitar da asuba daga lokacinta, haramun ne ka fara a wannan daren. Mai fama da waswasi ko firgita, da yaron da bai iya raba ƙage da gaskiya ba, a nisanta su da masu zubar da jini.

Rubuta irinsu da Hausa ya halatta, ana ma samun lada idan niyya ta yi kyau, sai dai sharuɗɗan marubuci sun fi na mai karatu tsauri, kuma a nan ne maganar yayanka ta koyar da kisa take da gurbi. Ya isa ka ce an sa wa mutum guba a kunu. Kada ka faɗi sunan abin da ake samu a kasuwa da adadin da ke kisa da yadda ake ɓoye ɗanɗanonsa, wannan taimako ne a kan zunubi da aya ta 2 a Suratul Ma'ida ta hana. Kada ka ɗauko kisan da ya faru a wata unguwa ka sauya sunaye sama-sama yadda kowa zai gane gidan, domin ka tuhumi rayayyun mutane ke nan. Kada kuma ka mai da wata ƙabila ko masu wata sana'a su ne makasa a kowane littafi. Mai bincikenka ya nemi izini kafin ya shiga gida, ya yi kuskure wani lokaci ya nemi afuwar wanda ya zarga, idan ya gama tattara hujjoji ya miƙa su ga alƙali.

Wallahu a'alam.