Amsa ga mai ɗinkin hular da kanta ya toshe

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kin ce wata biyu kenan allura na hannunki amma sabon zane ya ƙi zuwa, wallahi nima na taɓa shiga halin nan har na fara zargin ko hannu aka sa min hhh.

Ni dai ajiye allurar na yi na tafi marinar Ƙofar Mata nan Kano na zauna ina kallo kawai. Ganyen baba na rini da toka suke haɗawa a ramin, a tsoma ƙyalle ya fito kore-kore, iska na bugunsa sai ki ga ya koma shuɗi a gabanki. Da na dawo gida na dafa gangamau na rina farin zare ya yi rawaya, wani kuma na sa karan dafi ya yi ja, rinin ma bai kama daidai ba wani wajen duhu wani haske, to wannan dabbare-dabbaren ne ya ba ni zanen da na ɗora a hula uku.

Ki kuma ɗauko tsohuwar babbar rigar Baba ki gwada aska takwas, wato zanen aikin gaban riga, a ƙyallen banza. Amma don Allah kar ki rina a tukunyar miya, tawa har yau rawaya ce.