Daga Legas Zuwa Principe Don Ganin Kifin Wel: Ta Ruwa Ko Ta Sama?

Tambaya: Assalamu alaikum Kyaftin. Ni ɗan kasuwa ne a Agege. Yarana sun nuna mini bidiyon wani ƙaton kifi yana tsalle kusa da jirgin ruwan alfarma, suka ce a tsibirin Principe ne, kuma wai ba shi da nisa da mu. Ina ganin irin waɗannan jirage a Ikoyi ana ba da haya. Zan iya ɗaukar ɗaya in kai iyalina mu gani da idonmu?

Amsa: Wa'alaikumussalam Alhaji. Yaran sun yi gaskiya, Principe na nan kudu da mu a Mashigin Tekun Gini, tazarar kusan kilomita 700 daga bakin ruwan Legas. Amma shawarata ita ce ka bar jirgin Ikoyi inda yake.

Yawancin jiragen da kake gani ɗaure a Five Cowrie Creek, ruwan da ke gefen Ikoyi, na yawon yini ne. A fita da hantsi, a ci gasasshen kifi a Ilashe ko Tarkwa Bay, a dawo kafin magariba. Tankinsu ba zai ɗauki man wannan tafiya ba, jikinsu ma ba don tsakiyar teku aka ƙera shi ba. Ko ka samu babba mai ɗakunan kwana, in yana gudun mil 10 na teku a awa, sai kun shafe kwana ɗaya da rabi ba ku ga ƙasa ba. Kuɗin dizal ɗin zuwa da dawowa kaɗai zai sa ka gyara zama. Ga sallamar kwastan da ta shige da fice, ga inshora.

Sai batun da masu haya ba sa son a tayar, wato tsaro. A shekarar 2020, cikin ma'aikatan jirgi 135 da aka sace a tekunan duniya, 130 a wannan mashigin namu aka ɗauke su. An samu sauƙi ƙwarai tun da NIMASA, hukumar kula da sufurin jiragen ruwa ta Najeriya, ta ƙaddamar da shirin tsaron teku na Deep Blue a 2021, ban musa ba. Duk da haka farin jirgi mai ƙyalli, maras gudu, ɗauke da mata da yara, yana ratsa gaban Neja Delta da dare, ni dai ba zan ja shi ba ko nawa za a biya ni.

Hanya mai sauƙi ita ce ta sama. Ka sauka Sao Tome, babban tsibirin ƙasar Sao Tome da Principe, daga nan ƙaramin jirgi ya kai ku Principe cikin ƙasa da awa ɗaya. Ƙasar ba ta cikin ECOWAS, don haka ka fara da maganar biza da katin rigakafin shawara tun da wuri. Fotugal ce ta mallake su har zuwa 1975, harshenta suke yi, saboda haka Turancin kasuwa ba zai kai ka ko'ina ba sai da ɗan jagora. Nama kuwa ka yi hattara, mutanen yawanci Kiristoci ne kuma ana cin alade. Kifi ya wadata, shi za ku riƙe.

Lokaci shi ne komai a wannan tafiya. Wanda yaran suka gani shi ne wel mai doro, kuma baƙo ne a ruwanmu. Can ƙarshen kudancin duniya, wajen Antatika, yake kiwo, yana zuƙar wasu ƙananan halittu masu kama da jatan lande har ya tara kitse. Idan sanyin can ya tsananta sai ya yo arewa, dubban kilomita, zuwa ruwan ɗumi na Gabon da Sao Tome da Principe don barbara da haihuwa. Daga Yuli zuwa Oktoba ake samunsa, an fi dacewa a Agusta da Satumba. Wanda ya je a hutun Disamba zai ga kurmi da tsuntsaye da kunkurun teku, amma wel ya riga ya koma.

Muna ce masa kifi ne don bakinmu ya saba, wasu ma kifin Annabi Yunusa suke cewa, ko da yake Alƙur'ani bai faɗi nau'in wancan kifin ba. Shi wannan da huhu yake numfashi kamar saniya, yana haihuwa, yana shayarwa. Uwa kan kai tsawon mita 15, nauyinta wajen tan 30, kusan tirelar siminti mai buhu 600 ke nan. Cikinta kan yi wata 11 zuwa 12, jaririn kuma ya faɗo da tsawon da ya haura mita 4. Abin da ya fi ba ni mamaki tun ina ƙaramin ma'aikaci a jirgi shi ne duk zamanta a nan kusan ba ta cin komai, da kitsen da ta zo da shi take shayar da ɗan. Mazan kuma waƙa suke rerawa a ƙarƙashin ruwa, in an kashe inji wani lokaci har ta jikin kwalekwale za ka ji ta.

Wannan ne ya sa girman jirgi ba ya saya maka komai. Uwar da ke azumin watanni da jariri a gefenta ba ta son ƙarar inji, in an matsa mata sai ta nutse ta bar wurin. Ƙaramin jirgin da masaukinku zai haɗa ku da shi, da matuƙi ɗan tsibirin wanda ya san inda suke hutawa, ya fi jirgin biloniya amfani. Ƙa'idar da ake bi a ƙasashe da dama ita ce a tsaya nesa da mita 100, a ƙara nisa in akwai jariri, kada a tare mata gaba, kada a biyo ta ta baya. In matuƙin ya fara bin su a guje don ya burge ka, ka ce masa ya dakata. Principe kanta UNESCO ta sa ta cikin wuraren da ake kare halittunsu tun 2012.

Ku ware aƙalla safiya uku na fita, domin ana iya yini ba a ga ko feshin numfashinsa ba. Watannin nan iska na kaɗawa daga kudu, teku kan yi ɗan tsalle, don haka Hajiya da yara su sha maganin jiri awa ɗaya kafin a tashi, karin kumallo ya zama maras maiƙo, kuma kowa ya sa rigar ceto, har da kai Alhaji, ko da babbar riga ce a jikinka.