Tambaya da Amsa: Gwajin Gaggawa na Gubar Abincin Teku

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da gidan abinci a Mabera, nan Sakkwato, kuma wasu masu cinikina 'yan kudu kan nemi miyar da ake sa wa halittun teku masu ƙoƙo, waɗanda ake kawo mana a ƙanƙare. Na ji an ce sukan ɗauki guba, kuma akwai ɗan abin gwaji irin na zazzaɓin cizon sauro da ke gano ta nan take. Shin in saya in riƙa gwadawa da kaina? Daga wata Hajiya, Mabera.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Abin da kika ji gaskiya ne, amma gubar ba daga jikin halittun take tasowa ba. Akwai wata irin gansakukar teku, ƙanana ƙwarai har ido ba ya ganin ɗaiɗaikunsu, wadda kan yi yawa a wasu lokuta, kuma halittun teku masu ƙoƙo biyu, da yake tace ruwa suke yi su ci abin da ke cikinsa, sai su tara gubarta ba tare da ɗanɗanonsu ko ƙamshinsu ya sauya ba. Dafuwa ba ta kashe ta, ƙanƙara ma haka. Jatan lande, wanda ba ya tace ruwa, haɗarinsa bai kai nasu ba.

Gubar iri-iri ce. Saksitoksin kan fara da dindiris a leɓe da harshe cikin kamar rabin sa'a, tana iya shanye jijiyoyin numfashi, kuma ba ta da makari. Iyakar da dokokin Turai da Amurka suka amince da ita ita ce maikirogiram 800 (wato ƙasa da kashi ɗaya cikin dubu na giram) a kilo ɗaya na nama. Ita kuwa domoyik, ƙwaƙwalwa take taɓawa, kuma an gano illarta ne a 1987 a gabashin Kanada, inda fiye da mutum 100 suka kwanta, wasu suka rasu, wasu kuma suka tashi da mantuwar da ba ta warke ba.

A da, ɓera ake yi wa allurar ruwan naman a jira a ga ko zai mutu. Gwajin gaggawa ya kawo sauƙi: ana niƙa naman halittu da dama wuri ɗaya, a tatso ruwansa, a sirka shi daidai ma'auni, a ɗiga a kan tsinken gwaji, sakamako ya fito kafin sa'a guda. Sai dai a nan ne wanda ya saba da gwajin zazzaɓi, inda layi biyu ke nufin akwai cutar, zai ruɗe, domin a yawancin waɗannan tsinkaye layi biyu masu kyau na nufin ba a ga guba mai yawa ba, dusashewar layin gwajin ce alamar haɗari. Bugu da ƙari, kowane dangin guba da nasa tsinken, kuma tsinken kan nuna akwai haɗari alhali gubar ba ta kai iyakar doka ba, shi ya sa ake mayar da irin wannan sakamako ɗakin gwaje-gwaje domin a tabbatar.

A ganina, Hajiya, wannan ba kayan madafa ba ne. An yi shi ne domin masu kamun halittun da jami'an da ke bakin teku, waɗanda ke iya dakatar da kamu a wurin da gansakukar ta yi yawa tun kafin kaya su hau mota. Ga kuma zafin Sakkwato, wanda kan haura digiri 40 da bazara, yana iya lalata tsinken idan ba a adana shi yadda masu yin sa suka tsara ba.

Ki tambayi dillalinki inda aka kamo kayan da lokacin da aka kamo su, idan kuma na cikin leda ne ki duba lambar rajistar NAFDAC. In wani ya ci ya ji leɓensa ya yi dindiris, a garzaya da shi asibiti, a gaya wa likita abin da ya ci, a kuma ajiye ragowar miyar domin gwaji.