Amsa: Tsabar "5 francs" mai hoton Napoleon na Uku, sarkin Faransa, azurfa ce?

Malam, game da tsabar da ka ce ka tsinta a akwatin kakarka, in dai mai girman nan ce, to azurfa ce. Dokar Faransa ta 1803 ta tsayar da faran ɗaya a kan giram 5, kashi 90 cikin ɗari azurfa, sauran tagulla. Ka ɗora taka a ma'aunin maƙerin zinariya, ya kamata ta kai giram 25, ko ta ɗan gaza kaɗan saboda gogewar hannu. Maganaɗisu ba ya kama ta. In ka ga ƙaramin harafin A, a Paris aka buga ta.

Dokar ta ce giram ɗaya na zinariya daidai yake da giram 15.5 na azurfa. Da aka gano zinariya a Kalifoniya a 1848, sai darajar azurfa a kasuwa ta wuce abin da dokar ta tsayar, mutane suka riƙa ɓoye tsabar suna narkarwa. Shi ya sa bayan yarjejeniyar 1865 tsakanin Faransa, Beljiyam, Italiya da Suwizalan, azurfar da ke cikin ƙananan tsabobi ta koma kashi 83.5, amma ta faran biyar ba a taɓa ta ba. Daga baya farashin azurfa ya faɗi warwas, aka daina buga ta a 1878.

Kai da kake Maraɗi ma, ai har yau faran biyar dala kuke ce mata.

Don Allah kada ka goge ta da toka ko lemun tsami. Masu tara tsofaffin kuɗi sun fi son ta da baƙinta, gogewa tana karya mata farashi.