Tambaya da Amsa: Me ke dawo da ɗan wasan tanis bayan kowa ya cire rai?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na kalli wasan ƙarshe na gasar Faransa ta 2025 tsakanin Carlos Alcaraz da Jannik Sinner. Sau uku Sinner yana neman maki ɗaya tak ya ɗaga kofi, amma reshe ya juye da mujiya, Alcaraz ya cinye wasan. Ni ma ina ɗan taɓa tanis, kuma da zarar an sha gabana sai gwiwata ta yi sanyi. Ko ni ke kan gaba, in na kusa gamawa sai hannuna ya sandare. Irin wannan ƙarfin zuciya haihuwar mutum ake yi da shi, ko koyonsa ake yi?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Koyonsa ake yi. Ban musa ba, akwai yaran da suka fi wasu natsuwa tun ranar da suka fara riƙe raket, na sha ganin haka cikin waɗanda nake horarwa. Amma abin da ka kalla a Paris ranar 8 ga Yuni 2025 aikin shekaru ne. Kafin mu zo kan zuciya, bari mu fara duba yadda aka tsara lissafin wasan, don rabin amsarka a can take.

Tanis ba shi da agogo. A ƙwallon ƙafa, in an zura maka uku ana saura minti biyar a tashi, lokaci ma ya zama abokin gabarka. A tanis babu alƙalin da zai hura usur ya sallami kowa, wanda ke gaba sai ya ci makin ƙarshe da hannunsa. Maki ake tarawa a ci gem, gem kuma ake tarawa a ci set, wato zagayen wasa. Ga shi kuma duk set ɗin da aka gama, lissafi sifili yake komawa. Ko 6-0 aka yi maka, set ɗaya ka rasa, daidai da wanda aka ci 7-6. Shi ya sa mutum kan tara maki fiye da abokin karawarsa kuma ya sha kaye. A wasan ƙarshe na gasar Wimbledon ta Ingila a 2019 Roger Federer ya ci maki 218, Novak Djokovic ya ci 204, amma Djokovic ne ya tafi da kofi, domin shi ya lashe bugun raba gardama duka ukun da aka yi, wato wanda ake yi in an yi kunnen doki a ƙarshen set. Federer ɗin da bakinsa ya gaya wa ɗaliban jami'ar Dartmouth ta Amurka a 2024 cewa cikin wasanni 1,526 da ya buga ya ci kusan kashi 80 cikin 100, amma makin da ya ci kashi 54 ne kacal. Ka auna wannan da kyau. Gwani irinsa ma kusan rabin makin da ya buga a rayuwarsa faɗuwa ya yi. Aikin ɗan tanis ke nan kullum: a ci shi, ya share fuska, ya sake tsayawa bayan layi.

To, ina ake yin wannan aikin? A cikin daƙiƙa 25 ɗin da doka ta bayar tsakanin maki da maki. Masu kallo ƙwallo suke bi da ido, mu masu horarwa kuwa wannan ɗan tsakanin muka fi sa wa ido. In ka sake kallon babban wasa, ka lura da ɗan wasa bayan ya ɓarar da maki mai muhimmanci. Zai juya wa raga baya, ya mayar da raket ɗaya hannun don hannun bugu ya saki, ya kafe ido kan zaren raket yana daidaita shi da yatsa, ya goge gumi, ya ja numfashi ya sauke a hankali. Sai ya yanke shawara ɗaya: ina zan aika sabis, wato bugun da ke buɗe maki, me zan yi da ƙwallon da za ta dawo. Ya buga ƙwallo a ƙasa adadin da ya saba, sannan ya cilla ta sama. Mutane sun daɗe suna magana kan Rafael Nadal da jan wando da shafar hanci da kunne kafin kowane sabis lokacin da yake wasa, wasu na ganin camfi ne. Ni a wurina igiya ce da yake ɗaure hankalinsa da ita, don ko ana 40-0 yana gab da cin gem, ko ana 0-40 ana gab da cinsa, jikinsa abu ɗaya yake yi.

Sandarewar hannun da ka ambata kuwa, ba kai kaɗai ba ne, kuma tana da dalili. Idan gaba ya faɗi, bugun zuciya na ƙaruwa, numfashi ya gajarce, yatsu su damƙe mariƙin raket fiye da kima, ƙafafu su daina ƙananan takun da ke kai mutum daidai wurin ƙwallo. Sai kuma hankali ya shiga sa ido kan motsin da jiki ya riga ya haddace. Bugun da ka yi sau dubu ba tare da tunani ba, yanzu kana lallaɓa shi. Akwai wata yarinya da na horar, in tana gab da cin wasa ƙwallon da take cillawa don sabis sai ta rage tsawo da kusan taƙi guda, ita kuma sam ba ta sani ba. Ban taɓa ce mata ta daina tsoro ba, don ba a hana zuciya bugawa da umarni. Aiki ɗaya na ba ta: hannun hagu ya tsaya a miƙe sama har ta ga ƙwallo ta kai ƙololuwa. Da hankalinta ya samu abin riƙewa, sai sauran jikin ya koma kan abin da ya iya.

Wannan ya kawo mu ga abin da masu ba da labari kan tsallake. Duk farfaɗowa mutum biyu ne suka yi ta, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wanda ke baya ba shi da sauran abin asara, sai ya saki hannu. Wanda ke gaba kuwa ya fara hango kofi. A wasan Paris, Alcaraz yana sabis ana 3-5 a gem, 0-40 a maki a set na huɗu, ya tsallake maki ukun, ya riƙe gem ɗinsa. Nan take Sinner ya karɓi sabis don rufe wasa ana 5-4, Alcaraz ya cinye gem ɗin. Federer ma a 2019 yana sabis ana 8-7, 40-15 a set na biyar, maki biyu a hannunsa: na farko ya buga waje, na biyu ya taho raga Djokovic ya wuce shi ta gefe. Kusan duk filin sunan Federer ake kira, daga baya Djokovic ya ce shi a kunnensa mayar da kiran yake yi sunansa.

Amma kada ka ɗauka zuciya ita kaɗai ke yi. Wasan Paris ɗin awa 5 da minti 29 aka yi. Na Nadal da Daniil Medvedev a ƙarshen gasar Ostireliya ta 2022 awa 5 da minti 24. Nadal, yana da shekara 35, bayan watanni yana jinyar ƙafa, an ci shi set biyu, ga shi ana 2-3, 0-40 a na uku, ya dawo ya cinye 2-6, 6-7, 6-4, 6-4, 7-5. In babu huhu da cinyar da za su ɗauki mutum awa biyar, duk ƙarfin halinsa a banza. Haka nan in dabararka ce aka gano, dagewa a kanta taurin kai ne kawai. Michael Chang yana ɗan shekara 17 a gasar Faransa ta 1989, Ivan Lendl na ɗaya a duniya ya ci shi set biyu, daga baya kuma jijiyoyin ƙafarsa suka riƙe. Sai ya koma ɗaga ƙwallo sama tana saukowa a hankali, har ya yi sabis ta ƙasa sau ɗaya a set na biyar. A makin ƙarshe ya matso dab da layin sabis, Lendl ya ɓarar da sabis biyu a jere. Chang ya wuce, ya kuma ɗauki kofin gasar.

Ga abin da zan ba ka shawara ka yi a fili. Ka riƙa fara gem na atisaye daga 0-30 ko 30-40, ko ka buga set guda da sabis ɗaya tak, babu na biyu, don jikinka ya saba da matsi tun kafin ranar gasa. Ka tsara abin da za ka riƙa yi tsakanin maki, gajere, kuma ka yi shi ko a makin da ba shi da nauyi, in ba haka ba ranar da kake buƙatarsa ba za ka same shi ba. In aka ci ka set, ka yi amfani da hutun minti biyun nan ka tambayi kanka abu ɗaya: da wane bugu yake cina, me zan canza? In kuma damuwar ta bi ka har gida tana hana ka barci, ka nemi masanin halayyar ɗan Adam, babu abin kunya a ciki. Iga Swiatek tare da irin wannan ƙwararriya, Daria Abramowicz, take yawo lokacin da ta ci gasar Faransa a 2020 tana da shekara 19.

Tun da ka ce kana gaba ma hannunka ke sandarewa, labarin da na fi so ka riƙe shi ne na wanda aka ƙwace wa wasa. Sinner ya ga samu ya ga rashi a Paris, bayan mako biyar ya sake haɗuwa da Alcaraz a ƙarshen Wimbledon, aka ci shi set na farko, ya cinye ukun da suka biyo baya. Jana Novotna ita ta fi daɗewa tana jira. A ƙarshen Wimbledon na 1993 tana gaban Steffi Graf da 4-1 a set na ƙarshe, saura maki ɗaya ya zama 5-1, ta ɓarar da sabis biyu, daga nan ba ta ƙara cin gem ko ɗaya ba. Wurin ba da kyauta ta kifa kai a kafaɗar Gimbiyar Kent tana kuka, duniya na kallo. A 1997 ta sake kaiwa wasan ƙarshe, Martina Hingis ta doke ta. A 1998, tana da shekara 29, ta dawo filin nan dai ta doke Nathalie Tauziat, kuma Gimbiyar da ta lallashe ta shekara biyar baya ita ce ta miƙa mata kyautar.