Kun Tambaya, Mun Amsa: Bindigar Farauta Ce Ta Yi Tsada, Ko Kuɗi Ne Ya Rage Daraja?

Wasiƙun wannan wata sun karkata ga tsadar bindigar farauta da harsashinta. Mun zaɓi huɗu daga ciki. Duk abin da za mu faɗa ya shafi bindigar da aka shigo da ita bisa doka ne, wadda mai ita ke da takardar izini.

Tambaya daga wani dattijo, unguwar Bukoki, Yamai: A ƙuruciyarmu ma'aikaci yakan tara albashi ya sayi bindiga mai baki ɗaya. Yau in aka faɗa maka kuɗinta sai ka kama baki. Masu ƙera ta ne suka yi haɗama?

Baba, Allah ya ƙara girma. Kafin a ɗora wa maƙeran laifi, a duba farashin a can inda ake yin ta. Amurka ta fi sauƙin lissafi, don tsofaffin takardun farashi suna nan, kuma gwamnatinsu tana auna tsadar kayan masarufi kowane wata.

A 1964 kamfanin Ruger ya fito da ƙaramar bindigarsa 10/22 a kan dalar Amurka 54.50. Ma'aunin tsadar kaya na ƙasar yana wajen 31 a wannan shekara, a 2024 kuma ya kai wajen 313, wato ya ninka sau goma. Da bindigar ta bi sawun burodi da hayar gida, da kuɗinta ya kai dala 550. Amma a 2024 samfurinta na gama-gari bai kai dala 400 a kanti ba. Haka Remington 700, da ta fito a 1962 a kan dala 114.95: da kuɗin yau wannan ya kusa dala 1,200, alhali ana samun bindigar farauta mai irin aikinta tsakanin 500 da 800. Lambar da ke kan takarda ta hau, amma bindigar ta fi araha.

Dalili yana cikin yadda ake ƙera ta. A da mutum ne ke zama da magagari yana daidaita kowane ƙarfe da ɗan'uwansa, ƙotar kuma daga katako mai tsada da aka busar shekaru. Yanzu injin da kwamfuta ke sarrafawa ne ke yanka ƙarfen, ana zuba wasu sassa a mazubi, ƙota kuma roba ce. Winchester ya yi irin wannan sauyi a 1964 don rage kuɗin aiki a bindigarsa Model 70, har yau masu tara bindigogi suna biyan ƙari a kan wadda aka yi kafin wannan shekara. Ke nan abin da ya yi tsada da gaske shi ne aikin hannu. Mai neman ƙotar katako da zanen da aka sassaƙa da hannu, shi kam zai biya fiye da abin da kakansa ya biya.

To me ya sa mu a nan ba mu ga wannan sauƙi ba? Saboda ba a ƙera ta a ƙasarmu, kuma kuɗinmu ya sha duka. Daga 1960 zuwa farkon 1994, faran ɗin Faransa ɗaya sefa 50 ne. Ranar 12 ga Janairu 1994, bayan taron Dakar, ya koma sefa 100. Bindigar da ake sayarwa faran 1,000 a Faransa, da yamma jika 50 ce, da gari ya waye jika 100, ba tare da an taɓa ko kusa ɗaya a jikinta ba. A wannan shekara tsadar kaya a Nijar ta haura kashi 30 cikin ɗari, albashi kuwa bai ninka ba. Tun 1999 sefa tana ɗaure da yuro a kan 655.957, don haka kayan Turai ba su sake yin irin wancan tsalle ba. Kayan da ake biya da dala su ne ke hawa da sauka: a 2008 dala ta sauko kusa da sefa 420, a 2022 ta wuce 650.

Ma'auni mafi gaskiya shi ne kwanakin aiki. Mai albashi mafi ƙanƙanta a Amurka yana karɓar dala 1.25 a awa a 1964, wato awa 44 ya isa ya sayi waccan Ruger. Da dala 7.25 ta yanzu, bindigar dala 350 awa 48 ce, kusan babu bambanci. A Nijar albashi mafi ƙanƙanta ya tsaya a sefa 30,047 daga 2012, sai a 2024 ya koma 42,000. Bindigar jika 400 albashin wata tara da rabi ke nan.

Tambaya daga wani ɗan kasuwa, Tawa: Na ga a intanet ana sayar da bindiga mai baki ɗaya yuro 300 a Turai. Ta yaya za ta iso nan ta ninka?

Alhaji, kai ɗan kasuwa ne, bari mu yi lissafin tare. Lambobin sufuri da riba misali ne kawai, sai ka sa naka. Yuro 300 sefa 196,787 ne, a ce jika 197. Sa jika 30 na jirgi da inshora, ya zama 227. A kan wannan jimla duwan ke lissafi, ba a kan farashin kanti ba. In aka ɗora kashi 20, wanda shi ne matakin yawancin kayan da aka gama ƙerawa, an ƙara jika 45, ya zama 272. Sai harajin TVA, wato harajin da ake ɗorawa kan kayan saye, na kashi 19, wanda ake lissafawa a kan jimlar har da kuɗin duwan: ƙarin jika 52, ya kai 324. Akwai ƙananan haraji da kuɗin mai fiton kaya da ba mu sa ba. Mai kanti ya ɗora rubu'i, ga ka a jika 405.

Kada a yi saurin cewa rubu'in nan zalunci ne. Shinkafa tana juyawa cikin mako, bindiga kuwa tana iya shekara a ma'aji, don mai saye ba zai ɗauka ba sai takardarsa ta fito daga ma'aikatar cikin gida. Kuɗin ɗan kasuwa yana kwance duk tsawon lokacin, ga kuɗin gadi da ma'aji mai ƙarfi. Masu izinin shigo da ita kaɗan ne, gasa ba ta da yawa. Ƙasashen CEDEAO sun dakatar da shigo da ƙananan makamai tun 1998 a Abuja, suka mayar da shi yarjejeniya a 2006, kuma tun daga lokacin takardun fito suka ƙaru. Nijar ta fita daga ƙungiyar a Janairun 2025, amma halin tsaro bai bar wurin sassauci ba. Ga kuma hanya: tun da iyakar Benin ta rufe a 2023, kaya da yawa suna zagayowa ta Lome da Burkina, da rakiyar soji, tafiyar ta ƙara tsawo da tsada.

Wani abu da ba ka tambaya ba, amma shi ne ke cin aljihun mafarauci: harsashi. Bindiga sau ɗaya ake saye, harsashi kullum. Kwali ɗaya na kaliba 12 (ma'aunin faɗin bututun bindiga ke nan) guda 25 ne, kowanne da dalma gram 32 zuwa 36, wato dalma kaɗai ta kai gram 800 ko fiye. Kuɗin dalma da na ƙarfen gindin kwanso suna bin kasuwar duniya, kuma jiragen ruwa suna lissafa harsashi cikin kaya masu haɗari, da kuɗin dako na musamman. Shi ya sa yake saurin bin tsada fiye da bindigar. Masu saye da yawa don gudun ƙarin kuɗi sukan yi asara ta wata hanya. Harsashin da ya kwana a mota cikin zafin Afrilu da Mayu, albarushinsa yana lalacewa. Wanda ya sha raɓar damina kuma gindinsa yana tsatsa, mai kwanson takarda ya kumbura ya ƙi shiga. A ajiye shi a akwati mai murfi, cikin ɗaki mai inuwa, sama da ƙasa, a kulle, kuma daban da bindigar.

Tambaya daga wata baiwar Allah, unguwar Yantala, Yamai: Mahaifinmu ya rasu ya bar bindiga mai baki biyu, an rubuta Saint-Étienne a jikinta. Ƴan'uwana sun ce tun da komai ya yi tsada, ita ma ta zama dukiya. Yaya za mu yi mata kuɗi a rabon gado?

Hajiya, Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Abu na farko ba kuɗi ba ne. Izinin riƙe bindiga na mutum ɗaya ne, ba ya bin gado kamar gona. Ku nemo takardunsa, ku je wurin ƴan sanda ko jandarma ku sanar, su za su gaya muku yadda za a mayar da ita sunan magaji ko mai saye. Kada a miƙa wa kowa kafin nan, ko da ƙanin mamacin ne. Izinin farauta kuma daban yake, a hannun ma'aikatan gandun daji, ƙarƙashin dokar farauta ta 1998.

Saint-Étienne gari ne na maƙeran bindiga a Faransa. Kamfanin Manufrance na can ya cika ƙasashenmu da Simplex mai baki ɗaya da Robust mai baki biyu kafin ya durƙushe a shekarun 1980. An yi su da yawa ƙwarai, don haka tsufa kaɗai ba ya sa su tsada. Lafiyarta ce kuɗinta, kuma wanda ya san aikin ne zai duba, bayan ya buɗe ta ya tabbatar babu harsashi a ciki.

Zai ɗaga bututun ga haske ya leƙa. Ƙura da dattin dalma suna fita da goga. Ramukan tsatsa ba sa fita, kuma in sun yi zurfi ƙarfen ya sirance. Zai shafa bayan bututun da yatsa yana neman kumburi ko lotsawa. Kumburi alama ce an taɓa harbi da ƙasa ko wani abu toshe a ciki, kuma bindiga mai kumburi ta gama aiki. Sai ya cire katakon gaba, ya rufe ta, ya riƙe ƙota ya girgiza: in bututun yana motsi a mahaɗa, ƙarfen da take juyawa a kansa ya cinye. Ana gyara wannan, amma a cire kuɗin gyaran daga kuɗinta. Zai rataye bututun biyu ya ƙwanƙwasa da yatsa. In suka yi ƙara kamar ƙararrawa, haɗinsu yana nan. In ƙarar ta mutu, dalmar da ta haɗa su ta saki. Daga nan sai wuyan ƙota, inda hannu ke kamawa, don nan busasshiyar iskar hunturu da man da ya jiƙa katako suke tsaga shi.

Akwai lamba a ƙarƙashin bututun da mutane ke tsallakewa: 65 ko 70, tsawon ɗakin harsashi da milimita. Tsofaffi da yawa 65 ne, harsashin kasuwa kuwa yawanci 70. Na 70 yana shiga ɗakin 65 ya rufu lafiya, shi ya sa ake ruɗuwa, amma idan aka harba bakin kwanson ba ya samun wurin buɗewa sosai, matsi ya ƙaru a kan tsohon ƙarfe. Wannan yana rage mata masu saye.

In ta tsallake duk wannan, ku tambayi kuɗin sabuwa mai baki biyu a kantin da ke da izini, ku fara ciniki daga ƙasa da shi. Lissafin cewa Baba ya saye ta kaza a 1975, a ninka da tsadar rayuwa, ba ya aiki, don mai saye yana da zaɓin sabuwa ƴar Turkiyya ko Baikal ta Rasha.

Tambaya daga wani ɗalibi, Birnin Ƙonni: Kafin zuwan sefa ma ana irin wannan kuka?

Ana yi, ɗan'uwa. Lokacin da Bature matafiyi Barth ya zo Kano a 1851, wuri 2,500 ne ake canza riyal ɗaya ta azurfa. Bayan nan ƴan kasuwar Turai suka riƙa jibgo wuri daga gaɓar Zanzibar da jiragen ruwa, wuri ya yi yawa, darajarsa ta faɗi, har ya zama dakon kuɗin yana cinye wani kaso nasa. Duk abin da ake kawowa daga nesa, bindiga da albarushi a ciki, sai kuɗinsa na wuri ya yi ta hawa. Sannan yarjejeniyar Burusal ta 1890 ta hana sayar wa mutanen yankinmu bindigogin zamani, ta bar musu masu ƙyastu da ake ɗurawa ta baki. Maƙeran gida ma suna ƙera irin mai ɗuri ta baki, wato harba-ka-ruga, kuma har yau arharta ce ke jan mutanen karkara. Ita ma tana buƙatar izini. Bututunta kuma babu wanda ya gwada shi da matsi kamar yadda ake yi wa na masana'anta kafin a buga masa hatimi, don haka wanda ya farke harsashin zamani ya zuba albarushinsa a cikinta yana iya rasa yatsu ko ido, saboda ƙarfin wannan albarushi ya wuce abin da ƙarfen zai ɗauka.