Dawata ta kere ni tsawo, amma ta ƙi fitar da kai

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Gumel. Bana ƙanina da ke zaune a kudancin Kaduna ya aiko mini da irin farafara, ya ce a can ba a cewa komai wajen cika rumbu. Na shuka da ruwan farko a watan Yuni, na ba ta taki sau biyu. Ga shi Satumba tana shirin ƙarewa, kaurar maƙwabtana ta fitar da kai har ta yi bununi, tawa kuwa ta kere ni tsawo, kore shar, amma ko ciki ba ta yi ba. Ruwa ya fara ja da baya. Ranar kasuwa wani mai maganin feshi ya nuna mini wata kwalba, ya ce in na fesa za ta fito cikin mako guda. Gonar nan ita ce abincin gidana. In saya?

AMSA: Wa'alaikumussalam Malam. Allah Ya kawo sauƙi. Kada ka saya. Kuɗin kwalbar nan ka ajiye, wataƙila awo za ka yi da su.

Dawarka lafiyarta ƙalau. Lokacinta take jira, kuma lokacin na ƙasar da aka ɗauko ta ne, ba na Gumel ba. Dawar gargajiya, kamar maiwa da shinkafar gargajiya, ba ta lissafin kwanakin da ta yi a ƙasa yadda gero mai saurin nuna yake yi. Tsawon dare take aunawa. A nan yankin Kano da Jigawa, rana mafi tsawo tana zuwa wajajen 21 ga Yuni, kusan awa 12 da minti 50. Daga nan dare yake ƙaruwa kaɗan-kaɗan, har wajajen 23 ga Satumba dare da rana su yi daidai. Mu ba ma ma lura da wannan 'yan mintoci, amma ganye yana lura. Kowane iri da iyakar da yake jira dare ya kai. Idan ya kai, ganye ya haɗa wani sinadari, ya tura shi ta jijiyoyin kara zuwa can cikin zuciyar shuka, inda sabon ganye yake tohowa. Da saƙon ya isa, sai wurin ya daina ƙera ganye ya koma ƙera zangarniya. Daga wannan juyi zuwa fitar kai, kusan wata guda ne ko ya ɗan ɗara.

Tun 1968 wani mai bincike a cibiyar binciken noma ta Samaru, kusa da Zariya, mai suna Curtis ya nuna cewa dawar kowane yanki a Najeriya tana fitar da kai ne daidai da lokacin da ruwan yankin yake ɗaukewa. Kakanninmu ne suka yi wannan zaɓe, shekara bayan shekara, da zangarniyar da suke warewa ta iri. Kuma da hikima a ciki: ko ruwa ya sauka da wuri ko ya makara, dawar gari za ta fito kusan lokaci guda, ta nuna cikin bushewar kaka, ba fumfuna, kuma jan-baki ba zai tare a gonar mutum ɗaya ba. A kudancin Kaduna ruwa yana kaiwa ƙarshen Oktoba, shi ya sa dawarsu take jiran dare mafi tsawo. Ka kawo ta inda ruwa yake ɗaukewa tun kafin nan, a ƙasar yashi kuma.

To, mu dawo kan kwalba, domin ita ce take tayar mini da hankali. Duk shekara, da zarar Satumba ta raba, sai na ga manoma da irin waɗannan kwalabe, wasu ba takarda a jiki, wasu an juye su cikin robar ruwa. Wai maganin fitar da kai. Malam, sinadarin da ganye yake aikawa masana suna kiransa filorijin. Wani masanin tsirrai na Tarayyar Sobiyet, Chailakhyan, shi ya raɗa masa suna a shekarun 1930, kuma sai da aka shafe kusan shekara 70 ana nemansa kafin a 2007 a tabbatar da shi, har da a jikin shinkafa a Japan. Da aka gano shi, ashe furotin ne da shuka take ƙerawa a cikin jikinta, yake tafiya ta cikinta. Ba abu ba ne da ake ɗurawa a kwalba a fesa a bayan ganye. Abin da ya wahalar da masana shekara 70, shi ne wani zai shimfiɗa a buhu tsakanin mai goro da mai takalman roba?

Me ke cikin kwalaben? In an yi sa'a, takin ganye ne da ruwa mai launi, asarar ta tsaya a kuɗi. Wani lokaci jibarelin ne. Shi sinadarin girma ne na gaskiya, amma babban aikinsa miƙa gaɓar kara. Ai ta hanyar cuta ma aka gano shi: a Japan akwai wata cutar shinkafa da manomansu suke kira wawan tsiro, shuka ta yi ta zuwa sama siririya har ta kife. Dawar da ta riga ta kere ka, tsawo kake so ka ƙara mata? Iska ɗaya ta ƙarshen damina za ta kwantar da ita. Mafi muni shi ne masu cewa a zuba ɗan 2,4-D wai don a firgita ta. Wannan maganin ciyawa ne, kuma kwaikwayon wani sinadarin girma ne da ake kira oksin. In ya samu dawa tana ciki ko tana fure, kai zai fito amma ba ido, kara ya yi gautsi. Ga wake da riɗi na maƙwabci da iska za ta kai wa. Ga yaron da aka ɗora wa tankin feshi ba takalmi, ba abin rufe hanci.

Haka ma masu cewa a ƙara yuriya. Yuriya a wannan lokaci ganye za ta ƙara, ganye kuma ya zuƙe ɗan damshin da ya rage.

Abin da yake sa kasuwar nan ci shi ne sa'ar lokaci. Mutum ya fesa a ƙarshen Satumba, dawar da dama cikinta ya tsufa ta fito bayan kwana goma, sai a ce magani ya yi. Ba wanda yake barin kunya biyar ba feshi ya gwada. Ku masu sayarwa, ku ji tsoron Allah. Mutum ya zo muku hankali a tashe kan abincin 'ya'yansa, ku karɓi kuɗinsa a kan abin da ku kanku ba ku san mene ne a ciki ba? Wannan cin amana ne, ko da wane suna aka kira shi.

Ga abin yi yau. Ka sari kara huɗu ko biyar daga wurare daban-daban na gonar, ka tsaga kowanne da wuƙa daga sama, ka duba saman gaɓar ƙarshe. In ka ga 'yar zangarniya fara, ko da ba ta wuce tsawon yatsa ba, saƙo ya riga ya isa. Amma bayan fitar kai akwai wasu kwana 35 zuwa 45 kafin ido ya ƙosa, don haka maganar ta koma kan ƙasarka. In gonar kwari ce mai riƙe damshi, akwai fata: ka cire ciyawa, ka rage inda shuka ta yi cunkoso. In jigawa ce kuma ba ka ga komai a ciki ba, ba zan yaudare ka ba, kara za ka samu. Ka sare shi da sauran korensa, ka shanya ya bushe sosai, zai yi kuɗi da rani. Kada dai ka saki dabbobi a kan gyauron da zai toho bayan sara, ko a kan dawar da fari ya dafa, akwai guba a ciki mai kashe saniya nan take.

Baɗi kuwa, ka koma wa kaurar garinku, ko ka nemi iri mai saurin nuna daga cikin jerin SAMSORG na cibiyar binciken noma ta Samaru, ta hannun malamin gona na JARDA, wato hukumar bunƙasa noma ta jihar Jigawa, ka tambaye shi wanda aka fitar don yankinku. In har ranka yana kan irin ƙaninka, ka ba shi kunya biyu a gefen fadama ka ga watan da zai fito.